Injin da na ɗauko daga ƙarƙashin tamfol

A watan Nuwamba na 2023, hunturu ya fara shigowa, na je shagon wani mai yin allunan talla a wajen Wunti, cikin garin Bauchi, don in karɓo aikin da makarantarmu ta bayar. Ina zaune a benci ina jira ya sallami wani kwastoma, sai idona ya faɗa kan wani abu a lungu, an lulluɓe shi da tamfol an jera masa galan-galan na fenti a ka. Wani dogon sukuru mai tsatsa ya leƙo ta ƙasa. Gabana ya faɗi, don na san abin da nake gani.

Na ce, "Oga, wannan ba CNC ba ne?"

Ya ce, "Shi ne, Malam. Shekara biyu ke nan yana nan. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, akwatin ya yi ƙara ya yi hayaƙi, shi ke nan. Kwamfutar da ke tuƙa shi ma ta bi shi. In kana so mu yi ciniki, wuri kawai yake cinye min."

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, CNC inji ne mai sassaƙa wanda kwamfuta ke ba umarni. Akwai moto mai gudun tsiya da ke riƙe da bakin yanka, sai wasu ƙananan motoci uku da ke tura shi hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Waɗannan hanyoyi uku su ake kira X, Y da Z. Umarnin kuwa rubutu ne layi-layi da ake kira G-code. In ka rubuta G1 X50 F1000, ka ce wa injin ya miƙe zuwa milimita 50 a hanyar X, da gudun milimita 1000 a minti. Wanda na gani ɗan Sin ne, irin wanda ake kira 6040 saboda filin aikinsa kusan santimita 60 ne da 40. Ba injin masana'anta ba ne, na ɗaki ne. Amma ni da nake koyar da zanen fasaha shekara da shekaru ina zana wa yara irin waɗannan injina a allo da alli, ba tare da ni ko su mun taɓa ɗora hannu a kan ɗaya ba, wannan ya ishe ni.

Muka daidaita, na biya shi sau biyu. Da a-kori-kura muka kai shi gida Fadaman Mada, mu huɗu muka sauke shi a shagon da ke jikin zaurenmu. Shagon na Baba ne. Ya yi fiye da shekara arba'in yana kafinta, kuma bencinsa na nan, da zartunansa a rataye, da kurfuna a jere cikin wani tsohon buhun fata. Idonsa ne ya rage, hannunsa kuma ya fara rawa, shi ya sa ya daina karɓar aiki. Ya fito da sandarsa ya zagaya injin, ya kama gadar da ke ɗauke da moton yanka ya girgiza ta. Ta amsa masa, ƙwas-ƙwas.

Ya ce, "Kafin ka sa masa wuta, ka fara cire masa wannan wasan. Abin da ke lako-lako ba ya yanka daidai, ko wa ke tuƙa shi."

Ban ɗauki maganar da nauyin da ta kamata ba a ranar. Hankalina yana kan akwatin da ya ƙone.

Na kwance injin kaf a cikin hutun Disamba. Kowane noti da na cire sai na ɗauki hotonsa da waya, na sa shi a gwangwanin madara na rubuta inda ya fito. Garin roba da na katako sun haɗu da tsohon giris da ƙurar shekara biyu sun zama kamar kwalta. Da kalanzir da tsohon buroshin haƙori na wanke su. Sandunan da boris ke gudu a kai sun yi tsatsa sama-sama, na bi su da samfefa mafi laushi da ɗan mai, a hankali, don in ka ci ƙarfen ka ƙara wa boris wasa. Boris biyu na Z sun mutu murus, in ka tura su sai ka ji kamar yashi a ciki.

A kan sukurun X na yi kuskuren da ya fi kowane ci min rai. Irin wannan sukuru, wanda lambarsa 1605, kaurinsa milimita 16 ne, kuma kowane juyi ɗaya yana tura notinsa milimita 5. Notin ba ya goga da tiredi kai tsaye kamar na bol ɗin mota. A cikinsa akwai ƙananan 'ya'yan boris da ke birgima a cikin tiredin suna zagayawa, su ne ke sa ya tafi sumul ba wasa. Ni ban san cewa ba a zare notin daga sukurun haka kawai ba, sai an tara masa wani bututu ya hau kai ya riƙe 'ya'yan. Na murza shi har ƙarshe don in wanke, sai na ji yarrr a kan siminti. Kusan guda hamsin, kowane ɗaya milimita 3.175, suka watse cikin garin katakon da ya shekara a ƙarƙashin benci.

Na zauna a ƙasa na rasa abin yi. A Bauchi babu inda zan shiga in ce a ba ni wannan noti. 'Yata ta fari, mai shekara tara, ita ta ce, "Abba, a kawo maganaɗisun rediyon nan." Muna da wata tsohuwar sifika da ta fashe. Muka cire maganaɗisunta muka sa a leda, ita da ƙanenta suka yi ta jan sa a ƙasa lungu-lungu har aka kira magariba. Washegari suka ci gaba. Duk wanda ya samo ɗaya sai ya kawo min a tafin hannu kamar ya tsinci zinariya.

Mayar da su ya ci min dare biyu. Cikin notin akwai hanyoyi uku, kowace da 'yar robar da ke juyo da 'ya'yan su koma farko, kuma tsakanin hanya da hanya akwai ramin tiredi da dole a bar shi fayau. In ɗa ɗaya ya faɗa wannan rami, notin zai cije. Na shafa giris mai kauri a ciki don ya riƙe su, na riƙa ɗaukar su da tsinken ashana ina dasawa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitilar waya. Na naɗe takardar kwali ta yi kaurin cikin tiredin na zura a tsakiya, sannan na murza sukurun a hankali yana ture kwalin yana maye gurbinsa. Sau uku yana cijewa ina sake farawa. A karo na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na ɗaga sukurun tsaye, notin ya gangaro da kansa yana juyawa shiru. Na daɗe ina kallonsa.

Akwatin lantarki kuwa ban yi ƙoƙarin ceto shi ba. An gina shi ne don manhajar Mach3 da tsohuwar mahaɗar firinta mai fil 25, wadda sai tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows na 32-bit take aiki da ita. Ko na samo irin wannan kwamfuta, duk sanda aka ɗauke wuta za ta mutu tare da injin. Na zaɓi Arduino Uno, ɗan allon lantarkin nan da bai fi tafin hannu ba, na ɗora masa Grbl 1.1. Grbl manhaja ce kyauta wadda wani ɗan ƙasar Norwe, Simen Svale Skogsrud, ya fara rubutawa a 2009, daga baya Sonny Jeon ya ci gaba da ita. Ita ke karɓar G-code daga laftof ta kebul na USB ta mayar da shi bugun lantarki da motoci ke fahimta. Abin da ya ja ni gare ta shi ne laftof ɗina na makaranta ya isa, kuma yana da batir.

Na yi odar direbobi uku DM542, wato 'yan akwatunan da ke karɓar bugun Arduino su juya motoci, da na'urar ba da wuta mai bolt 36, da makunnan iyaka masu tsayar da injin in ya kai ƙarshen hanya, da boris ɗin Z. Lokacin kuwa ba na sayen kaya daga waje ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, a wancan lokacin farashin da ka gani yau ba shi za ka gani mako mai zuwa ba. Albashin wata biyu na gutsura kafin kayan su cika, kuma sai cikin Fabrairu suka iso.

Motocin guda uku, NEMA 23, Allah ya sa ba su ƙone ba. Kowane yana da waya huɗu, biyu-biyu a naɗi ɗaya, kuma launukan sun koɗe. Hanyar gane su mai sauƙi ce: ka haɗa bakin waya biyu ka juya sandar moton da hannu, in ta yi tauri, to su biyun 'yan naɗi ɗaya ne. Dokar da na rubuta da alƙalamin maka a jikin akwatin ita ce kada a taɓa cire wayar moto alhali direba na da wuta, don nan take yake ƙonewa. A jikin direban akwai 'yan makunnai takwas. Uku na farko na ƙarfin wutar da zai ba moto, na huɗu na rage wutar zuwa rabi in moton yana tsaye, huɗun ƙarshe na yadda za a raba taku. Na huɗun nan na sa shi a rabi, saboda zafin da na san yana tafe a Maris.

Lissafin taku shi ne inda malamin da ke cikina ya ji daɗi. Moton yana taku 200 a juyi ɗaya. Na raba kowane taku gida takwas, ya zama 1600. A raba da milimita 5 na sukuru, taku 320 ke nan a kowace milimita. Na sa 320 a $100, $101 da $102, wato saitunan Grbl na takun X, Y da Z, na kafa rula ta ƙarfe a tebur, na ce X ya tafi milimita 100. Ya tafi 50, kuma ya nufi hagu maimakon dama. Juya hanya abu ne na saitin $3. Rabin tafiyar kuma makunnan raba taku ne na sa a baibai, direban yana raba taku gida 16. Da na gyara, na ce 300, bakin ya tsaya cif a kan layin 300. Ƙanena da ke riƙe da fitila ya ce, "Yaya, sake yi." Muka sake, sau goma.

Akwai kuma daren biyu da na ɓata a kan makunnin iyaka na Z, saboda zanen da na samo a intanet na tsohon Grbl ne, yana nuna fil na 11 a jikin Arduino. A Grbl 1.1 fil na 12 ne, na 11 an ba moton yanka. Duk mai niyyar wannan aiki ya riƙe wannan.

Moton yankan mai kilowat 1.5 ne, mai sanyaya da ruwa, kuma ba a haɗa shi da soket kai tsaye. Sai ta wata na'ura da ake kira VFD, wadda ke karɓar wutar gida mai layi ɗaya ta fitar da mai layi uku, tana kuma canza saurin bugawarta. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa moton an yi shi don 400, a nan yake kai juyi 24000 a minti. In ka bar VFD a kan 50 ɗin da ya zo da shi, zai danna wa moton cikakken ƙarfin wuta a ƙaramin gudu ya gasa naɗinsa. Sau uku na duba lambobin nan kafin na danna koren maɓalli.

Ruwan sanyayawa ya zama nasa labarin. A watan Afrilu zafin Bauchi yana kai digiri 40, shagon kuma rufin kwano ne. Ruwan bokiti kafin awa ɗaya ya zama kamar na wanka. Ruwan rijiyar burtsatsenmu kuma yana barin farin ɓawo a buta, na san zai toshe 'yan hanyoyin cikin moton. Na sayo tataccen ruwan da masu cajin batir ke sayarwa, ba mai asid ɗin ba, na cika jarka na jefa ɗan famfo a ciki. Inna ce ta leƙo ta ga ina taɓa jarkar ina tsaki, ta ce a ɗauko tsohuwar randarta da ke bayan ɗaki. Muka dasa randar a kan jiƙaƙƙen yashi, muka zuba mata ruwa, muka tsoma jarkar a ciki. Randa na tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, cikinta na sanyi. Tun daga ranar jikin moton bai ƙara wuce ɗumin da hannu zai iya jurewa ba.

Sai kuma wata matsala da ta kusa sa ni fid da rai. Injin na tafiya lafiya lau in moton yanka na kashe. Da zarar na kunna shi, bayan daƙiƙa kaɗan komai ya tsaya, allo ya rubuta ALARM:1, wato wai an taɓa makunnin iyaka, alhali babu abin da ya je kusa da shi. Wani lokacin ma laftof ya daina ganin Arduino gaba ɗaya. Na canza makunnai, na canza kebul, shiru. Wata rana na dafa jikin injin ba takalmi na ji yana ɗan cizo, a nan na gane. VFD yana watsa hayaniyar lantarki, siraran wayoyin makunnan suna kama ta kamar eriya, gidanmu kuma, kamar gidaje da yawa a unguwar, ramin soket na uku ado ne kawai, babu wayar ƙasa a bayansa.

Na kira wani mai wayarin da muke sallah tare. Muka haƙa rami a bayan shagon inda ruwan alwala ke gangarawa, muka kafa sandar tagulla, muka zuba gawayi da gishiri muka jiƙa, muka ja waya mai kauri zuwa akwatin. Jikin injin, da jikin moton yanka, da VFD, duk muka tara su a noti ɗaya. Na sauya wayar moton yanka da mai rigar ƙarfe a ciki, na raba hanyarta da ta makunnai. Na mayar da makunnan irin waɗanda ke rufe kullum sai an taɓa su su buɗe, na gyara saitin $5 don Grbl ya san da haka, sannan na je wajen mai gyaran rediyo na karɓo 'yan kafasito uku masu lamba 104 na liƙa wa kowane fil da dalma. Daga ranar ƙararrawar ƙarya ta ɗauke.

Na ɗauka na gama. Na ɗaure guntun falanki na ce injin ya yanka min murabba'i mai milimita 100 da da'ira a cikinsa. Na kai wa Baba ina murna. Bai ce komai ba, ya ɗauko sikwayarsa ta ƙarfe, wadda ta girme ni, ya kara a kusurwa ya ɗaga wajen hasken ƙofa. Haske na ratsawa ta gefe ɗaya. Ya bi da'irar da babban yatsa ya tsaya a wuri biyu.

Ya ce, "Nan da nan akwai tudu. Ka ji?"

Na shafa, na ji. Na ce, "Baba, ai kwamfutar ta ba da lissafi daidai."

Ya ce, "Ita ta bayar. Shi ne bai karɓa ba."

Maganarsa ta ranar farko ce ta dawo. Tudun da ke jikin da'ira yana fitowa ne daidai inda moto ke juya hanya, in akwai wasa sai ya ɗan yi juyin banza kafin baki ya motsa. Na ari agogon awo, mai allura da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wajen wani mai injin sassaƙa ƙarfe. Na kara shi a jikin gada, na ce Y ya tafi gaba milimita 1 ya dawo 1. Allurar ba ta koma sifili ba, ta rage kusan 0.2. Ba notin ba ne. Mahaɗin da ke tsakanin moto da sukuru ne ƙaramin sukurunsa ya saki, sai kuma notin da ke matse boris a ƙarshen sandar. Da alanki da sufana na ɗaure su, wasan ya sauko ƙasa da 0.03.

Karkatar kusurwa kuwa Baba ne ya gyara ta, da dabarar da yake haɗa ƙofa. Ya ce in sa injin ya huda 'yan ramuka huɗu a kusurwoyin babban murabba'i, muka soka ƙusoshi, ya sa ni auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ɗaya ɓangaren. Bambancin ya kusa milimita 2. Muka sassauta notunan gada, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da gudumar katako, ɗan kaɗan, ina sake hudawa ina sake awo. Sau shida muka yi. Yana zaune a kujera 'yar tsugune, kunnensa a kusa da ƙarfen kamar mai sauraron wani abu, yana cewa, "Ƙara kaɗan. Ya isa. Ɗaure na ƙasa tukuna." A aji ina koya wa yara 3, 4, 5 na Fitagoras, lissafin fitar da kusurwa mai sikwaya. Baba bai taɓa jin sunan ba, amma da shi ya ci abinci shekara arba'in.

Saura tsayuwar moton yanka. Na shimfiɗa allon MDF, katakon da ake matsawa daga garin itace, a tebur don ya zama abin da baki zai riƙa ci maimakon alminiyon, na sa faffaɗan baki mai milimita 22 ya share fuskarsa duka. Da ya gama, ido na ganin sumul, amma Baba ya ja farce a kai sai ga ƙara, kar-kar-kar, kamar an ja tsinke a kan kunya-kunyan gona. Moton ya ɗan sunkuya gaba, don haka gefe ɗaya na bakin ya fi nutsewa. Muka yanka gwangwanin lemo, wanda kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, muka cusa a bayan mariƙin moton ta ƙasa. Ɗaya bai isa ba, uku sun yi yawa. Da biyu, farcen Baba ya wuce shiru.

A kan gudun yanka ma shi ya buɗe min ido. Saboda tsoron karya baki, sai na sa moton a 24000 ina tafiya milimita 400 a minti. Katakon madaci ya yi baƙi, shago ya cika da ƙauri, abin da ke fita gari ne kamar na tuwo. Baba ya debo ya murza ya ce kurfi mai kaifi ɓawo yake fitarwa, in ka ga gari to guga yake yi ba yanka ba. Na zauna na lissafa: baki mai haƙori biyu a wannan gudu, kowane haƙori bai cin ko kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Na sauke moton zuwa 18000, na ɗaga tafiya zuwa 1500, na rage zurfi zuwa milimita 2 a kowane zagaye. 'Yan ɓawo suka fara tashi, ƙaurin ya tafi, har muryar injin ta canza. Garin MDF kuwa ba abin wasa ba ne, akwai gam mai sinadari a cikinsa, don haka ba na yanka shi sai da takunkumi da tabarau, kuma yara ba sa shiga. Da an kira sallah nake tsayar da aiki, bayan isha'i kuma ba na kunnawa, don haƙƙin maƙwabta.

Aikin farko da ya fita daga shagon allon ƙofa ne na makarantarmu, mai cewa Ɗakin Karatu. Na zana shi a manhajar Inkscape, na fitar da umarnin da manhajar F-Engrave, sai na tarar salon rubutun da na zaɓa ba shi da Ɗ, ya sa min akwati a gurbinsa. Abin ya ɓata min rai, don na gaji da ganin allunan garin nan an rubuta Daki a inda ake nufin Ɗaki, da Kofa a inda ake nufin Ƙofa. Na nemo Andika da Noto Sans, waɗanda ke da ɓ, ɗ da ƙ duka. Ranar da aka kafa allon, na tsaya na kalli lanƙwasar Ɗ ɗin nan a cikin katako na ji daɗin da ban iya faɗa.

Amma aikin da nake ta sauri dominsa daban ne. An sa bikin autarmu bayan Babbar Sallah, a watan Yunin 2024. Duk 'yan'uwana mata Baba ne ya yi musu gadon aure da hannunsa, da sassaƙa a allon kai. Na auta ne kaɗai hannun ya ƙi. Bai taɓa furtawa ba, amma ina ganin yadda yake shiru in ana maganar kayan ɗaki. Na durƙusa na ce, "Baba, in kun yarda, ku haɗa firam ɗin, ni in sassaƙa allunan ciki." Ya ɗan yi jim, ya ce in je kasuwar Muda Lawal in zaɓo madaci busasshe, kada in yarda da wanda ke da nauyin ruwa.

Alluna uku ne, kowane santimita 55 da 35, na tsakiya da dagi, na gefe da irin ganyen da Baba ya saba yi, wanda na ɗauki hotonsa a gadon yayata na bi shi layi-layi a kwamfuta. Na gefen biyu suka fita lafiya. Na tsakiyar yana buƙatar kusan awa uku. Ya yi fiye da rabi, da la'asar sakaliya, sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, aka ɗauke wuta. Moton yanka ya yi ta rage murya har ya tsaya, bakin na nutse a cikin dagin.

A nan akwai abin da ya kamata a sani. Arduino daga laftof yake shan wuta, don haka shi bai san an ɗauke ba, yana ci gaba da ƙirga taku alhali motoci sun mutu. Na yi wuf na tsayar da aikin na rubuta lambar layin da yake kai a jikin bango da fensir. Katakon nan shi ne na ƙarshe mai faɗin da ake so, biki kuma saura kwana tara. Ban taɓa komai ba, ban kwance allon ba, na rufe shagon.

Sai washegari da hantsi aka kawo wuta. Na jira ta zauna, na duba ta da mita, sannan na rubuta $H, umarnin da ke sa injin ya je ya nemo makunnan iyakarsa. Grbl yana fara ɗaga Z sama kafin komai, don haka bakin ya fita daga ramin a miƙe. X da Y suka tafi suka taɓa makunnansu, suka ja baya, suka sake taɓawa a hankali. Wurin da na sa a matsayin sifilin aikin yana ajiye a ƙwaƙwalwar Arduino, ɗauke wuta ba ya goge shi, kuma daga waɗannan makunnai ake auna shi. Na koma baya da layi kusan ɗari biyu daga lambar da ke bango, na kunna moton yanka, na ce bismillah na tura. Bakin ya sauka cikin ramin da ya riga ya yanka, ya bi shi yana yankan iska, ba ya taɓa ko gefe. Ya zagaya lanƙwasa ɗaya, ya zagaya ta biyu, sannan na ji muryarsa ta yi nauyi, ɓawo ya fara tashi.

Da ya gama na goge allon na kai wa Baba a zaure. Na ce masa an ɗauke wuta a tsakiyar aikin, ya nemo min inda aka tsaya. Ya ɗora shi a cinya, ya rufe ido, ya bi igiyar dagin da yatsa tun daga farko, ta sama ta ƙasa, duk inda ta ratsa kanta. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa. Sannan ya buɗe ido ya ce in miƙo masa ƙaramin kurfinsa, akwai kusurwoyin ciki da bakin injin ya bari a zagaye, yana so ya fito da su da kansa. Na riƙe masa allon a kan benci, ya yi su ɗaya bayan ɗaya har azahar.